Gidan Mahaifinmu Ya Zama Kango, Yayanmu Ya Hana A Taɓa Shi

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ina zaune a unguwar Birketiri a Yawunde, amma a Garwa aka haife ni, a unguwar Yelwa. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, kuma har yau ba a raba gado ba. Bayan takaba mahaifiyata ta dawo wurina, abokiyar zamanta ta koma gidan danginta da ƙananan 'ya'yanta, aka kulle gidan. Makon jiya maƙwabcinmu, wanda aminin mahaifinmu ne, ya kira ni ya ce ciyawa ta fi tsayin mutum a tsakar gidan, katanga ta zube ta gefe ɗaya, maciji ya kashe masa akuya, jikokinsa sun daina wasa a lungun, kuma da dare waɗansu samari suna shiga suna shaye-shaye. Da ya turo hotuna sai da na yi kuka, domin ko mangwaro da lemon da Baba ya dasa da ƙyar ake ganinsu. Na ce zan biya a share, sai babban yayanmu da ke Kusiri, wanda uba muka haɗa, ya ce kada wanda ya taɓa ko tsinke sai an raba gado, wai so nake in mallake gidan. Maigidana ya ce in tura kuɗi a asirce wani yaro ya cinna wa ciyawar wuta, kowa ya huta. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kyautata makwancinsa, ya kuma saka wa wannan dattijo da alheri, domin da ya ga dama da ya kai ƙararku wurin lawan, wato mai unguwa, ko ofishin magajin gari, amma ya zaɓi ya kira 'yar amininsa ya gaya mata cikin mutunci. Amsata ita ce a share gidan a wannan kakar, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, amma a share shi da adda da fartanya, a fili, da sanin kowane magaji. Shawarar wuta kuwa, ki roƙi maigidanki cikin ladabi ya janye ta, kuma da ita zan fara, saboda a cikin duk abin da kika rubuta ita ce ta fi kusa da jawo asarar rai.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ciyawar Garwa takan bushe ƙayau, iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas, alhali gidajen tsofaffin unguwanni a manne suke da juna, ga rumfunan zana, ga tarin itacen girki, ga harawar dabbobi da ake jibgewa a kan rufi. Yaron da aka ba jaka ɗaya ko biyu ya ƙyasta ashana ba shi da ikon tsayar da wutar idan ta haura katangar da ta riga ta zube, kuma kafin a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118 su samu hanyar shiga lungun, mai aukuwa ta auku. A ƙarƙashin irin wannan ciyawa akwai tsofaffin tayoyi da leda da batura da gwangwanayen maganin sauro, waɗansu suna fashewa idan suka ji zafi, waɗansu suna fitar da hayaƙin da ke cutar da ƙirjin yara da tsofaffi. Wutar za ta lashe ganyen sama ta bar saiwa a ƙasa, ta yadda tofa da gamba za su sake tsirowa da ruwan farko, za ta ƙone ɓawon mangwaro da lemon da kika yi wa kuka, sannan ta kori duk macijin da ke ciki da kunama da gafiya a lokaci guda zuwa gidan mutumin da kike son sauƙaƙa wa. Bayan wannan duka, ranar da yayanku ya ji cewa an cinna wa gidan ubansa wuta a ɓoye da kuɗinki, babu rantsuwar da za ta fitar da zargi daga zuciyarsa.

Na san maganarsa ta yi miki zafi, amma ina so ki dube ta da idon basira, domin tsoronsa yana da asali. A al'adarmu wanda ya sare daji ya raya wuri shi ake kallo a matsayin mai shi, kuma dokar filaye ta Kamaru, wadda aka kafa ranar 6 ga Yuli 1974, ita ma ta ba zama a fili da raya shi muhimmanci wajen neman takardar mallaka a kan filin da ba a yi wa rajista ba. Mutumin da ke can Kusiri, ya ji cewa ƙanwarsa ta ɗaya ɗakin za ta kashe kuɗi a gidan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne gobe za a ce ita ta gyara, ita ke da ta cewa. Ina kuma zaton akwai kunya a ciki, domin shi ne babba, shi ya kamata maƙwabcin ya fara kira, kuma maza da yawa idan kunya ta kama su sai ta fito a siffar faɗa. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki cire masa wannan tsoro, ki kuma bar masa girmansa.

Inda ba na tare da shi shi ne ɗaukar da ya yi cewa barin gida ya lalace shi ne adalci tsakanin magada. Gidan na dukanku ne tun ranar da mahaifinku ya cika, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Matan biyu suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas, kuma idan mamacin bai bar iyaye a raye ba sauran na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu, kamar yadda ayoyin gado suka zo a Suratun Nisa'i. Kowace damina da ta wuce a kan wannan gida tana cin wani abu daga rabon kowannenku, har da na ƙananan ƙannenku marayu waɗanda ba su da bakin magana, kuma haƙƙinsu ya fi na kowa nauyi. Cutar da maƙwabci kuwa ba ta jiran rabon gado. Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan ƙa'idar cewa babu cuta babu cutarwa, kuma ban san malamin da zai ce a bar maciji ya yi ta hayayyafa a jikin katangar mutane har sai 'ya'ya tara sun daidaita ba.

Ki kira shi da kanki, ke da shi kaɗai, kada ki kai maganar dandalin WhatsApp na dangi inda kowa zai sa baki har ya ga janyewa ta zama faɗuwa. Bayan gaisuwa ki ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, ba gida nake nema ba, kuma ko ɗaki ɗaya ba za a buɗe ba. Aminin Baba ne ya kira ni a kan maciji da yaran da ke shiga da dare, na ji kunyar sunan mahaifinmu. Ina roƙon ka ba da umarni a share tsakar gida, ka naɗa wanda ka yarda da shi ya tsaya a kan aikin, ni kuma in biya ladan ma'aikata sadaka ga Baba, ba bashi a kan gado ba." Da wannan magana kin mayar masa da umarni hannunsa, kin ba shi ido a wurin, kin kuma toshe ƙofar da yake tsoron ki shigo ta cikinta gobe. Idan yana son a rubuta cewa wannan shara ba ta ƙara wa kowa haƙƙi a gidan ba, ki yarda nan take, a rubuta a gaban lawan ko jauron unguwa da shaidu biyu. A ranar kuma ki kira abokiyar zaman mahaifiyarki ki gaishe ta a matsayin uwa, ki gaya mata abin da ake ciki, domin bai kamata ta ji labarin daga bakin 'yan unguwa ba.

Idan ya ƙi duk da haka, kada ki yi jayayya da shi. Ki nemi baffanku ko wani babba a dangin mahaifinku ya yi masa magana, ki kuma roƙi maƙwabcin ya kira shi da kansa, domin abin da ɗa zai iya musa wa ƙanwarsa da wuya ya musa wa aminin ubansa. Idan hakan ma bai yi ba, sai lawan da limamin unguwa su sanar da dukan magada cewa za a kawar da cutar da ke damun jama'a a rana kaza, wanda yake so ya zo ko ya turo wakili. Daga nan nauyi ya sauka daga kanki.

Alkawarin da kika yi na cewa ba za a buɗe ɗaki ba, ki riƙe shi da gaske. Tsakar gida ita ce ke cutar da mutane, ita za a share. Ɗakuna da abin da ke cikinsu sai magada ko wakilansu sun hallara. Haka kuma duk abin da aka tsinta mai ƙima a cikin ciyawa, tsohon kwano ne, ƙofar ƙarfe ce, turmi ne, ko itacen bishiyar da aka sare, a tara shi wuri ɗaya a ɗauki hoto, kada a bari masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe shi da sunan taimako. Rigimar gado sau da yawa daga irin waɗannan ƙananan abubuwa take tashi.

Kafin adda ta taɓa ciyawa, ki zauna da mahaifiyarki da takarda da alƙalami ta nuna miki inda rijiya take, da inda salga take, da inda tsofaffin salgogin da aka rufe tun kuna yara suke, domin gidan da aka daɗe ana zaune a cikinsa da wuya a ce rami ɗaya aka taɓa haƙawa. Murfin katako ko na siminti da ya sha damina shida babu mai dubawa zai iya ruftawa da mutum, kuma a cikin ciyawa mai tsayi ba a ganinsa sai ƙafa ta taka. A fara nemo waɗannan wurare da doguwar sanda, ana dukan ƙasa ana saurare, a kafa musu alama da ƙyalle mai launi. Kada kowa ya shiga rijiyar don ya yashe ta a wannan karon, domin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba iskar da ke ƙasanta takan sumar da mutum, kuma wanda ya bi shi don ceto shi ma yakan faɗi. A rufe ta da murfi mai nauyi a bar wa masu sana'ar. Idan akwai wayar lantarki da ta sauko cikin ciyawa ko ta sarƙe da reshe, a ɗauka tana da wuta har sai ma'aikacin lantarki ya tabbatar.

Idan hali ya yi, ki je da kanki, ke da maigidanki ko wani muharraminki. Jirgin ƙasa na Camrail yana tashi daga Yawunde da yamma ya kwana a hanya zuwa Ngaundere, daga can kuma mota ce zuwa Garwa. Zumunta a ƙafa take, kuma zuwanki gidan wannan dattijo ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan akuyarsa, ki miƙa masa abin da ya sawwaƙa ko da zai ƙi karɓa, ya fi duk saƙon da za ki tura ta waya. Ma'aikata kuma sukan yi aiki dabam idan mai gida yana tsaye.

Ki nemi manya waɗanda suka saba da aikin gona, uku ko huɗu, kada a sa yara ko almajirai ƙanana. Ki saya wa kowannensu takalmin roba mai tsayi zuwa gwiwa da safar hannu mai kauri, su sa dogon wando, kuma kada ki ɗauki wannan a matsayin ɓarnar kuɗi, domin yawancin saran maciji a ƙafa da hannu yake samun mutum. Kwana ɗaya kafin a fara, a sanar da maƙwabta na kowane gefe su toshe rariyarsu, su tsare yara da dabbobi, su riƙa zazzage takalmi kafin su sa, su kuma riƙa fita da tocila da dare har tsawon mako guda. A fara aiki bayan rana ta fito sosai, a tashi kafin magariba, domin da faɗuwar rana ne kububuwa take fara yawo.

Ana fara buɗe hanya daga zaure zuwa tsakiyar gida, faɗin da baro zai wuce, sannan a riƙa cin ciyawar gefe-gefe, kowa yana ganin ɗan'uwansa amma da tazarar da adda ba za ta kai ba. Mai sara ya riƙe sanda mai ƙugiya a hannun hagu yana kwantar da ciyawa da ita, kada ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba. A sare ta sau biyu, da farko daidai gwiwa, a janye da manjagara a ga abin da ke ƙasa, sannan a bi da fartanya. Wurin da ya fi haɗari shi ne ƙarƙashin abin da ya daɗe a kwance: fallen kwano, tulin bulo, tsohuwar tabarma, gungumen itace, fasasshen tulu. Idan za a ɗaga fallen kwano, a maƙala ƙugiya a bakinsa na nesa a jawo shi, ta yadda fallen zai tsaya tsakanin mutum da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma abin ya samu hanyar gudu ta ɗaya gefen. A duba zaure da rassan bishiya da kyau saboda rina da ƙudan zuma. Wanda tsatsattsen ƙusa ko kwano ya yanka, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar.

Zan ɗan tsaya a kan maciji, domin kwarin Binuwai, inda Garwa take, yana cikin wuraren da aka fi sani da kububuwa a wannan yanki na Afirka. Ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita da yawa ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, kuma idan ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta yana ƙara. Dafinta yana hana jini daskarewa, saboda haka wanda ta sara zai iya wuni yana cewa ya ji sauƙi, sai daga baya jini ya fara fita daga dasashi ko a fitsari. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi har a taka ta. Macijin nan mai fasa kai kuma yana tofi a ido, kuma maganin farko shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa kafin a kai mutum asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a shekarar 2017, kuma shawarar likitoci a kansa a bayyane take. A kwantar wa wanda aka sara da hankali, a cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka da ƙafarsa ba. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ba shi asfirin, kuma kada a tsaya neman macijin don a kashe. A asibiti ana zuba jininsa a kwalbar gwaji a jira minti 20 a ga ko zai daskare, daga nan a san ko yana buƙatar allurar kashe dafi. Tun kafin ranar aiki ki sa a tambayi asibitin da ke da wannan allura a ajiye, ki riƙe lambar mai mota ko mai babur da zai zo da an kira shi, ki kuma ware kuɗin da ba za a taɓa ba sai don wannan.

Ba duk abin da ya tsiro ne abin zubarwa ba, kuma ba duka ne ake kamawa da hannu ba. Gamba, masu saƙar zana suna sonta, masu kiwo kuma za su kwashe ciyawa mai laushi da murna, har su rage miki kuɗin kwasa. Amma a ware tumfafiya, wadda farin ruwanta ke cutar da ido, da zaƙami da zurman, waɗanda 'ya'yansu guba ne ga yara da dabbobi. Ƙarangiya da ƙashin yawo a zuba su a buhu a ɗaure saboda kada irinsu ya watsu. Bishiyoyin da mahaifinku ya dasa a ɗaura musu ƙyalle tun da safe, a gaya wa ma'aikata cewa busassun rassa kawai za a cire, domin mai adda idan hannunsa ya yi zafi ba ya bambanta dashe da abin da ya fito da kansa. Ƙananan dogon yaro da suka tsiro a gindin katanga a tone su har saiwa tun ƙasa tana da sauran laima, saboda idan aka sare su kawai sukan yi toho da rassa masu yawa. Ceɗiya ko ɓauren da ya kama a jikin bango kuwa a yanke shi daidai bangon a riƙa cire tohonsa, kada a fizge shi, don saiwarsa za ta taho da ginin.

Garwa garin auduga ne, a nan hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, kuma maganin feshin ciyawa ba ya wuyar samu a kasuwa, saboda haka na tabbata wani zai ce miki a fesa a huta. Maganin irin su gilifosat ta ɗanyen ganye yake shiga ya sauka zuwa saiwa, yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya yi wa busasshiyar ciyawa komai. Ko ya kashe ta ma tana nan a tsaye sai an sare. Amfaninsa sai farkon damina, a kan tohon tofa da kirikiri da suka gagari fartanya, a hannun wanda ya iya, nesa da rijiya, kuma ciyawar da aka fesa ba a ba dabba. Maganin feshi mai ɗauke da parakwat kuwa kada ya shigo gidan ko kaɗan, domin kurɓa kaɗan tana kisa kuma babu makarinsa.

Abin da aka sare kada ya kwana biyu a tare, in ba haka ba kin gina wa ɓera da maciji sabon masauki. A fitar da shi kullum da baro ko amalanke zuwa inda motocin kamfanin kwashe shara na Hysacam suke kwasa, a ware kwalabe da ƙarafa. Duk abin da zai iya tara ruwa, taya ko gwangwani ko fasasshiyar randa, a fitar da shi ko a kife, a cike ƙananan ramuka da ƙasa, don a nan sauro yake ƙyanƙyasa. A buɗe rariya a gyara gangaren tsakar gida yadda ruwa zai fita waje, saboda ruwan da ke kwanciya a gindin katangar ƙasa shi ne yake kayar da ita. Idan akwai suri kusa da ɗaki a tone shi, a kuma duba azara da ƙyauren ƙofofi daga waje a ga inda gara ta kai. Gurbin katangar da ta zube a toshe shi ko da zana da ƙaya ne na wucin gadi, a sa wa zaure kwaɗo mai kyau, mabuɗi ɗaya wurin wakilin yayanku, ɗaya wurin maƙwabcin. Samarin da ke shiga kada ki tare su da kanki. 'Ya'yan unguwa ne, lawan ya san iyayensu, kuma da zarar wuri ya yi fili, aka sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin zaure, yawancinsu ba sa dawowa. Ginin katanga na dindindin da gyaran rufi magana ce ta dabam, kada ki fara ta sai an yarda a rubuce wa zai biya da yadda za a lissafa.

Yanzu ga abin da nake so ki fi riƙewa. Ruwan sama a Garwa yakan fara wajen Mayu ya kai Oktoba, kuma ƙasar gidan nan cike take da irin ciyawa na shekara shida, saboda haka idan aka share aka kulle aka tafi, kafin watan Agusta za a sake turo miki hoto irin na bana. Dole a samu mai zama. Ko ɗan'uwa mai sabon aure da bai samu muhalli ba, ko malamin makaranta, ko wani mutumin kirki da lawan ya sani, a ba shi ɗaki ɗaya da magada suka amince a buɗe, da takarda mai shaidu cewa riƙo aka ba shi, zai share, zai nome sau biyu ko uku a damina, zai kuma tashi idan aka ba shi wa'adi. Ni a ganina wadda ta fi cancanta a fara yi wa tayi ita ce abokiyar zaman mahaifiyarki da marayunta, idan tana so, domin suna da rabo a ciki, kuma tayin da ya fito daga bakinki zai yi wa yayanku bayanin da dogon rantse-rantse ba zai yi ba. Idan ba a samu mai zama ba, a ba maƙwabcin izini ya shuka gyaɗa ko wake ko yakuwa a tsakar gidan, abin da ba ya tsayi, wanda zai sa a riƙa shiga ana nomewa.

Gadon kansa kuma kada a bar shi ya ƙara shekara. Ranar da wakilai suka hallara, a buɗe turakar mahaifinku a gaban shaidu, a yayyafa ruwa kafin a share saboda ƙurar kashin jemage da na ɓera tana cutar da huhu, a nemo takardun gidan tun gara ba ta gama da su ba. Idan akwai titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, da sunansa, to hankalin yayanku ya kwanta, don shara ba ta canja sunan da ke kan wannan takarda. Idan babu, to gidan da aka bari kango shi ne ya fi fuskantar haɗarin wani na waje ya shigo da da'awa, kuma wannan hujja ce da za ki ba shi cikin natsuwa. Hanyar da aka saba bi ita ce dangi su zauna a rubuta abin da aka yanke, malami ko alƙalin fadar Lamiɗo ya fitar da rabon kowa, a nemi hukuncin kotu mai tabbatar da magada, sannan a juya takardar zuwa sunansu. Idan sayarwa aka zaɓa, dokar 1974 ta wajabta a yi cinikin fili mai rajista a gaban notar, wato jami'in da ke rubuta takardun ciniki ya tabbatar da su a hukumance, ta kuma soke cinikin filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba. Idan ɗayanku ne yake son sayar da rabonsa, a shari'ar Musulunci abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato fifikon saye, kafin bare. Duk magajin da ya rasu kafin a raba, rabonsa yana komawa ga nasa magadan, ku tara ku zama ashirin ko fiye, waɗansu ba su ma san juna ba.

Ki gaya wa yayanku cewa a kan rabon gado bakinku ɗaya, ke ma shi kike so, kuma shi kike jira ya kira taron. Idan ya ce sai nan gaba, ki amsa, amma ki roƙe shi ya faɗi rana da wata a gaban baffanku, a sanar da kowa, kuma ranar ta kasance kafin ruwan farko na watan Mayu. Allah ya daidaita tsakaninku.